Shin Kyakkyawar Niyya Tana Wanke Mai Yaɗa Maganin Ƙarya?

'Yan'uwa Musulmi, a ran 20 ga Yuli 2014 ne wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga Nijeriya a ran 20 ga Oktoba, cutar ta kama mutum wajen 20, ta kashe 8, a Legas da Fatakwal. Ba ta taɓa ƙetarowa Arewa ba. Abin da ya ƙetaro shi ne wani saƙo da ya game wayoyin jama'a cikin watan Agusta, wai a tashi da asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Aƙalla mutum 2 suka rasu, aka kwantar da wasu a asibiti, domin gishiri mai yawa dafi ne ga mai hawan jini.

To, waɗanda suka tura saƙon nan ba makasa ba ne. Uwa ce ta buga wa ɗanta waya tsakar dare, aboki ya tashi abokinsa. Ƙauna ce zalla. Shin akwai alhaki a kansu?

Ni dai ra'ayina akwai, ko da yake bai kai na wanda ya ƙaga ƙaryar ba. Dalili kuwa, mai karɓa bai san tushen maganar ba, kai ya sani. Da ka tura, ka ara wa saƙon mutuncinka, watau ka zama mai ruwaya. Malaman Hadisi sun daɗe da warware matsayin mai ruwaya. Ba su karɓi labari don daɗinsa ba, sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum, sun tambayi amanar kowa da ƙarfin haddarsa. In aka tarar da wanda ba a san shi ba, sai a ce majahuli ne, a ajiye ruwayar. Yanzu ku auna saƙon da ya fara da cewa wai wani babban likita a Indiya ya gano. Wane likita? A wane asibiti? Isnadi ne wanda ya yanke tun daga tushe.

Abin mamaki ma, malaman nan sun lissafa waɗansu masu yawan ibada, da suka ƙaga hadisai don kwaɗaitar da mutane ga alheri, cikin mafiya ɓarna, saboda an amince da su. Niyyarsu ba ta cece su ba. Fukaha'u kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san likitanci ba, har ya cutar da shi.

Kada a ɗauka rubutu ya inganta don an gan shi a intanet cikin Turanci. Tun a 2002 waɗansu masana suka tattara bincike 79 da aka yi kan shafunan kiwon lafiya, suka tarar kashi 70 cikin 100 na binciken sun koka da ingancin abin da ke ciki. Lokacin kuwa ba a ma ƙirƙiro Facebook da WhatsApp ba.

Wani zai ce, "Malam, in saƙon gaskiya ne fa, na yi shiru wani ya mutu?" Tambaya ce mai nauyi, balle a ƙauyen da likita ke da nisan tafiyar yini. Amma aya ta 6 ta Suratul Hujurati ba shiru ta umurta ba, bincike ta umurta. Ko ƙaramin asibitin shan magani bai rasa malamin asibiti ko ungozoma da za a nuna wa saƙo. Kuma a duba abin da saƙon ke nema. In ya ce a wanke hannu da sabulu, ko ba a tabbatar ba babu hasara. In ya ce a sha wani abu, ko mai ciwon sukari ya bar allurarsa, to wannan a riƙe shi a waya tukuna, har sai wani masani da aka san sunansa da wurin aikinsa ya duba.