Kare Ba Ragon Turka Ba Ne

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta kasuwar Sara ya san yadda ake duba rago. Mai saye yakan shafa gadon bayansa, ya matsa ƙirjinsa, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, sa'an nan a fara ciniki. In hannu ya ji ƙashi, farashi ya faɗi. In ya ji kitse, mai rago ya yi murmushi. Mu mutanen ƙasar Gwaram da Birnin Kudu da wannan ma'auni muka tashi, har ya zauna mana a ido: dabbar da ta yi ƙiba, mai ita ya iya kiwo, wadda ta rame kuwa an wulakanta ta. Ma'aunin nan daidai ne ga rago da sa. Tambayar da nake so mu auna tare ita ce ko daidai ne ga kare.

Abin da ya sa ni wannan tunani, ziyara ce da na kai wa wani kawuna a Kano. Yana da wani ƙaton kare irin na Turawa a cikin keji a bakin ƙofa. Da aka buɗe masa, sai ya fito yana rangaji, ya yi taku kaɗan ya kwanta yana haki, harshe a waje. Na ce, “Kawu, ko ba shi da lafiya ne?” Sai ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ƙoshi ne. Abin da muka ci shi yake ci.” Ya faɗi haka da alfahari da kuma zuciya ɗaya, gama mutumin kirki ne. Bayan kwana biyu na dawo gida, na tarar da karnukan unguwarmu suna tonon juji, haƙarƙarinsu a fili kamar a ƙirga. Da farko na ɗauka na ga mai gata da marasa gata. Daga baya na gane cewa dukansu an cuce su, sai dai ɗaya an cuce shi da sakaci, ɗayan kuwa da alheri marar tunani.

Kowace halitta tana da abin da aka yi ta dominsa, kuma lafiyarta ita ce ta iya yin wannan abu. Wannan tsohuwar koyarwa ce, tun daga masanin Girka Aristotal har zuwa Waliyyi Toma Akwinas. Ragon turka ana ɗaure shi da gangan, a ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayin wake, domin ƙarshensa wuƙa ce, kuma ba zai yi tsawon ran da kitsen zai dame shi ba. Kare kuwa an gina shi domin gudu, da shinshina, da tsaro. Mafarautanmu sun san wannan sarai. Ba ka taɓa ganin maharbi ya fita daji da rani da kare mai tumbi ba. Suna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma karen da ba ya iya tashi ba ya maganin ko da ɓera. Mai turka kare ya ɗauki ma'aunin wata dabba ya ɗora wa wata.

Likitocin dabbobi sun gwada wannan magana da lissafi. A shekarar 2002 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka wanda ya ɗauki shekara 14. An ɗauki karnuka 48 irin waɗanda ake kira Labrador, aka raba su biyu-biyu daga ciki ɗaya, ana ba ɗaya abinci ƙasa da na ɗan'uwansa da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka rage wa abinci sun kai kimanin shekara 13, masu ci da yawa kuwa shekara 11 da 'yan watanni, watau kusan shekara biyu ke nan tsakani, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta kama marasa ƙiba. A 2019 masana na Jami'ar Libaful a Ingila suka duba bayanan karnuka sama da 50,000 daga iri 12, suka ga cewa a kowane iri masu ƙiba sun fi saurin mutuwa, a wani irin ma har da shekara biyu da rabi. Wata ƙungiya a Amurka da ke bin wannan al'amari ta ba da rahoto cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan da aka duba a 2022 nauyinsu ya wuce kima. A Ingila har kotu ta taɓa kama wasu 'yan'uwa biyu da laifin azabtar da dabba a 2007, domin sun bar karensu ya haura kilo 70.

A ƙasarmu akwai ƙarin wahala wadda Turawa ba su da ita sosai, ita ce zafi. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake sanyaya kansa. Ka ɗauki kare mai gashi da aka samo asalinsa daga ƙasar sanyi, ka lulluɓe shi da kitse, ka rufe shi a kejin kwano a watan Afrilu, ka ga abin da kawuna yake kira ƙoshi.

Wani zai ce, to ina zunubi a nan, tun da niyyar mai karen alheri ce? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na so in tsallake ta. Gaskiya ne niyya tana rage laifi. Amma niyya mai kyau ba ta mai da cuta ta zama lafiya. In muka duba zuciyarmu da kyau, za mu ga cewa sau da yawa ba domin karen muke ƙara masa ba, domin kanmu ne. Yana kallonmu da idon roƙo, ba mu iya jure kallon, sai mu jefa masa ƙanzo mu huta. Ko kuwa mun tsare shi wata da watanni ba fita, zuciyarmu ta tsargu, sai mu biya shi da nama, gama cika kwano ya fi sauƙi a kan tashi da asuba a zaga da shi. Wani kuma so yake baƙo ya ga girman karensa ya san gidan akwai wadata. Kare ba shi da ikon ya ce ya isa. Har ma masana a Jami'ar Kambirij sun gano a 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador suna da wani lahani na gado da ke hana su jin ƙoshi yadda ya kamata. Dabbar da ba ta iya kame kanta, kamewarta tana hannun mai ita. Shi ne za a tambaya.

Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mun ga yadda mudun gero da na masara suka yi tsada, har gidaje da yawa suka koma ci sau ɗaya a yini. A irin wannan hali, ko ya halatta ma a yi zancen cimar kare? Katikisim na Ekklesiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya riƙe igiyar ta baki biyu a sakin layi na 2416 zuwa 2418. Ya koyar cewa dabbobi halittun Allah ne kuma suna bin mu bashin kirki, cewa wahalar da su ba dalili ƙasƙanci ne ga mutum kansa, amma kuma bai dace a kashe musu dukiyar da ya kamata ta fara zuwa ga mabukata ba. Ku tuna da mai arzikin nan na Bishara ta hannun Luka, sura ta 16. Matalauci yana kwance a ƙofarsa yana marmarin abin da ke faɗowa daga teburi, karnuka ne kaɗai suka kula da shi. Gidan da karensa ya kasa tafiya saboda kitse alhali almajiri yana bara a ƙofa, ko mai gadi bai karɓi albashinsa ba, wannan gida ya cuci biyu da kwano ɗaya. Abin lura shi ne, a nan haƙƙin matalauci da lafiyar kare ba su yi karo ba. Abin da aka rage daga kwanon karen, shi kansa ya amfana, wani kuma ya samu.

Amma kada mu na ƙauye mu yi saurin wanke hannu. Mu namu laifin shi ne mu karɓi kwikwiyo domin yara sun so, ya girma yana gadin rumbu da awaki dare duka, mu kuwa ko ruwa ba mu ajiye masa ba. Macen nan Bakan'aniya ta sura ta 15 a Bisharar Matiyu ta yarda cewa 'ya'ya ne farko, duk da haka ta tuna cewa karnukan gida suna da rabonsu, kuma Ubangiji ya yaba mata. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ba zai iya ciyar da kare ba, kada ya ajiye shi. Akwinas ya yi gargaɗi cewa mai saba wa kansa da mugunta ga dabba yana koya wa hannunsa mugunta ga mutum. Duk wanda ya ga yaran da ke jifan kare domin nishaɗi ya san abin da yake nufi.

To, yaya za a gane daidai? Da hannun nan da muke duba rago, sai dai a juya hukuncin. Ka shafa gefen karen: ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, amma kada ka hango su daga nesa. Ka dube shi daga sama, ka ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Ka dube shi daga gefe, ka ga ciki ya ɗage. Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai. In ya wuce, kada a sa shi azumin dole. A rage a hankali, yadda zai sauke kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. A auna abincin da gwangwani ɗaya kullum, mutum ɗaya ya riƙa ba shi, gama a gidan da kowa yake jefa masa loma ba wanda ya san abin da ya ci. Sauran miya mai yawan mai da albasa ba alheri ba ne, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya tsagewa ya soke shi.

Sauran magana ita ce fita. Ba a ce a sake shi ya bi gari ba. Karen da ke yawo shi kaɗai yana shiga gidajen mutanen da ba su son ya taɓa musu tufafi ko tukwane, yana kuma iya ɗauko ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara. A yi masa allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato take yi, a sa masa igiya, a fita da shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa a hannu. Mai ƙiba a fara da shi kaɗan-kaɗan. A Littafin Tobit, kare ya bayyana sau biyu kawai, sa'ad da saurayi Tobiya ya kama hanyar Midiya tare da mala'ika, da sa'ad da suke dawowa. Ba a faɗi abin da ya ci ba. An dai ce ya tafi tare da su.

Kawuna bai yarda da maganata a ranar ba, ya ce ilimin boko ne ya hana ni ganin kyan dabba. Amma da na koma bayan Kirsimeti, na tarar ya sa ƙaramin ɗansa yana zagaya unguwa da karen kafin ya tafi makaranta, kwanon kuma an canja shi da ƙarami. Har yanzu kejin yana nan cikin rana, kuma a kan wannan muke jayayya yanzu.