Kayan Wanda Ya Manta, Na Wane Ne?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje waɗanda aka gina musamman domin tsofaffin da gigin tsufa ya kama. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya manta da hanyar ɗakinsa, har ma da sunan ɗansa. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ne ya bayyana irinsa mafi yawa a shekarar 1906. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun wuce miliyan 55.

Tsoho ya kan shiga irin gidan nan da 'yan kayansa: agogo, zobe, tabarau, haƙoran roba da hotunan iyali. To, ga tambaya. Idan ya manta cewa zoben nasa ne, wani ya ɗauke, shi kuwa bai ko lura ba, an cuce shi ko ba a cuce shi ba?

Waɗansu za su ce abin da mutum bai sani ba ba ya yi masa ciwo. Amma wannan magana ba ta da tushe. Jariri bai san gādonsa ba, duk da haka wanda ya ci dukiyar maraya azzalumi ne. Mallaka ba ta faɗuwa don mai ita ya manta. Hasali ma, raunin mai kaya shi ke ƙara wa amana nauyi, gama ba shi da bakin kai ƙara.

Ban da wannan, kayan nan su ne igiyar da ke riƙe da shi. Wanda aka raba da tabarau ba ya gane fuskoki, sai ruɗewarsa ta ƙaru. Wanda haƙoransa suka ɓata ba ya iya tauna, sai ya rame. A 1967 wata mace a Ingila, Barbara Robb, ta wallafa littafi ta nuna yadda a ke karɓe wa tsofaffi irin waɗannan kaya a waɗansu asibitoci. Da fari hukuma ta musa yawancin zarginta, amma a 1969 aka kafa ƙungiyar masu zagaya irin asibitocin nan. A Amurka kuma, dokar 1987 ta tabbatar wa mazauna gidajen jinya ikon riƙe kayansu.

Sai dai ba kowace ɓata ce sata ba. Mai wannan ciwo ya kan ɓoye abu, ya manta, sa'an nan ya zargi mai yi masa hidima. Wani ya kan shiga ɗakin maƙwabci ya ɗauki riga, yana tsammanin tasa ce. Maganin wannan shi ne a rubuta kayan kowa a littafi ran da ya zo, danginsa su sa hannu, a ɗinka sunansa a tufafinsa, a riƙa duba lissafin lokaci lokaci. Rubutun nan yana kāre tsoho daga ɓarawo, yana kuma kāre ma'aikaci mai gaskiya daga ƙazafi.

Amma wa zai yi wannan aiki in ma'aikata ba su isa ba? Wanda ke wanke mutane da yawa, ya ciyar da su shi kaɗai, ina ya ga sukunin neman tabarau a ƙarƙashin gado? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2024 gwamnatin Amurka ta yanka wa gidajen jinya sa'a 3.48 na hidima ga kowane mutum a yini. Masu gidajen suka ce ma'aikata ba su samuwa, kuɗi kuma ba za su kai ba, a 2025 wata kotu a Teksas ta soke ƙa'idar.

Kotu ta yanke hukuncinta, amma alhaki bai tashi ba. Mai gidan da ya karɓi tsofaffi fiye da waɗanda ma'aikatansa ke iya lura da su, ya ɗauki amanar da ya san ba zai iya riƙewa ba, don haka laifin ɓatan kaya daga kansa ya fara. Dangi ma da sauran aiki a kansu, watau su yawaita ziyara, su duba akwati, su tambaya mutum nawa ke kwana a bakin aiki. Gama mutuncin tsoho bai ƙare ba don tunaninsa ya ƙare, sai dai tsaronsa ya koma hannun masu sauran hankali.