Wa Zai Amsa wa 'Ya'yanmu?

 Ku ba ni kunnuwanku, ku ba ni zukatanku, domin maganar yau ta cikin gida ce.

Akwai wata muhawara da ake tafkawa a nan Dakata, cikin Kano, wadda ba a taɓa sanar da ita daga kan mumbari ba. Ana yin ta a teburin mai shayi da asuba, lokacin da 'yan aikin dare suka fito daga kamfani, idanu jajur, hannuwa na warin narkakkiyar roba. Ana yin ta a cikin a-daidaita-sahu a kan hanyar Bompai. Ana yin ta a cikin waya, tsakar dare, bayan kowa ya yi barci. Tambayoyinta uku ne, kullum su ne: Akwai Allah kuwa? Me ke bayan kabari? Wannan wahalar da muke sha, ina amfaninta?

Kada ku ɗauka baƙi ne masu tambayar. Wasunsu a gabanmu aka yi musu baptisma. Wasunsu mu muka koya musu ayoyin haddacewa a makarantar Lahadi. Wani har yanzu yana cikin ƙungiyar mawaƙa, bakinsa na rera yabo, zuciyarsa ta daɗe da barin ɗakin sujada. In ya sami wanda ya amince da shi, sai ya ce: "Ni fa ban ga komai ba. Babana ya yi addu'a har gashinsa ya yi fari, ya mutu yana bin kamfani bashin kuɗin sallama. Wanda ya cinye kuɗin yana nan daram, ya sāke mota. In ka mutu ka mutu ke nan, sauran duk lallashin talaka ne." Mu kuma me muke ce masa? Uwa ta ce, "Rufe mini baki, kada ka ja mana masifa." Uba ya ce waya ce ta lalata shi. Dattijo ya ce a sa shi cikin addu'a, shi ke nan an wuce wurin. 'Yan'uwana, an yi wa yaron nan tsawa, an yi masa addu'a, amma har yau ba a amsa masa ba.

Garin nan ya ga inda rashin bangaskiya ya fito fili. Kun san labarin Mubarak Bala, ɗan Kano, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu cewa ba su bin kowane addini a Nijeriya. An kama shi a Kaduna a watan Afrilu na 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook, aka kawo shi Kano, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5. Ba daga cikin ikilisiya ya fito ba, ban kuwa tsaya nan don in sāke shari'arsa ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne wannan: tun daga lokacin, masu shakka sun koyi yin shiru. Shirunsu kuwa ya ruɗe mu, muka zaci lafiya lau. Tsoro yana iya kulle baki, amma ba ya haifar da bangaskiya. Ubangijinmu bai taɓa jawo mutum zuwa wurinsa da sarƙa ba; kira ya yi, wanda ya ji ya bi.

Mu tambayi kanmu, daga ina shakkar nan ta tsiro? Dattawan da ke zaune nan sun tuna zamanin da Bompai, Sharada da Challawa ke cika maƙil da ma'aikata. Masaƙu na aiki dare da rana, majema na sarrafa fata ana kaiwa ƙasashen waje, mutum ya baro ƙauyensa a Kudancin Kaduna, ko Filato, ko ƙasar Tangale, ko ƙauyukan Maguzawa na nan kusa, ya sami aiki, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar naira ta zube, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofin da iyaye suka shiga da alfahari, 'ya'ya suka tarar da su da kwaɗo da tsatsa. Bayan yunwa sai jini. Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, bama-bamai suka tashi a garin nan, har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, mutum fiye da 180 suka rasu, Musulmi da Kirista. Ranar Lahadi, 29 ga Afrilu na shekarar, aka buɗe wuta a kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ranar 18 ga Maris, 2013, aka kai hari tashar mota ta New Road a Sabon Gari. Yaran da suka ji ƙarar nan suna ƙanana, su ne samarinmu na yau. Sun ga an kashe mutane da sunan Allah, sun ga an kashe mutane suna kiran sunan Allah. In irin wannan yaro ya ce, "Ina Allah yake a ranar?" ashe ba mu da abin ba shi sai tsawa?

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, za ku tarar tambayar ta riga mu shiga ciki. Ayuba ya zauna cikin toka yana neman Allah ya fito ya yi masa bayani, a ƙarshe kuwa abokansa masu saurin yanke hukunci ne Allah ya tsauta wa. Littafin Mai Hadishi ya auna dukiya da ilimi da jin daɗi, ya ga duk suna shuɗewa kamar ba a yi ba, Ruhu Mai Tsarki bai hana a rubuta wannan ba. Sadukiyawa sun musa tashin matattu a gaban Yesu, ya tsaya ya amsa musu da hujja daga Attaura. Manzo Bulus ya shiga Atina, ya haɗu da mabiyan Abikuras, masu koyar da cewa mutuwa ce ƙarshen komai. Bai zage su ba. Ya fara da abin da suka sani, ya kai su ga abin da ba su sani ba. Wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya, ciki har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris. Ga kuma Toma. Ya ce ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Mako guda cur yana cikin shakka, yana kuma zaune tare da sauran almajirai. Ba wanda ya kore shi. Da sun rufe masa ƙofa, da ba ya nan ranar da Ubangiji ya dawo ya nuna masa tabon ƙusa. Toma nawa muka kora, 'yan'uwana, kafin ranar ta zagayo?

To, mu fuskanci maganarsu gaba da gaba. Sun ce zancen lahira lallashin talaka ne, don ya haƙura a ci gaba da cin guminsa. Ni kuwa na ce a sāke dubawa. Ga saurayi ɗan kwantiragi, injin roba ya datse masa yatsu biyu. Aka ɗaure hannun, aka danƙa masa ɗan abin da bai kai albashin wata ba, aka ce ya je ya huta, washegari wani ya tsaya a gurbinsa. In kabari ne ƙarshe, to, shi da wanda ya cuce shi sun tashi canjaras har abada; babu ƙara, babu alƙali, babu ranar biya. Wa wannan koyarwar ta fi yi wa daɗi, mai yatsu takwas ko mai kamfani? Amma bishara ta ce matattu za su tashi, za a buɗe littattafai, kowa zai ba da lissafi. Wasiƙar Yakubu, sura ta biyar, ta gargaɗi masu danne ladan ma'aikata cewa kukan waɗanda aka zalunta ya riga ya isa kunnen Ubangiji. Wannan ba maganin barci ba ne ga talaka. Sammaci ne ga azzalumi.

Sai dai kada mu yi wa kanmu ƙarya: son abu ba ya mai da shi gaskiya, mai shakka kuwa ya san haka. Begenmu bai tsaya a kan cewa muna sha'awar adalci ba. Ya tsaya a kan abin da ya faru a Urushalima, a zamanin mulkin Bilatus: an gicciye Yesu, an binne shi, a rana ta uku ya tashi. Bulus, a sura ta goma sha biyar ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, ya jera shaidu, har da mutum fiye da ɗari biyar da suka gan shi a lokaci ɗaya, yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun. Shi da kansa ya amince cewa in tashin nan bai auku ba, duk abin da muke yi aikin banza ne. Mutanen da suka watse don tsoro a daren da aka kama shi, su ne suka koma suna shelar tashinsa, ana dūkansu, ana ɗaure su, ba su janye ba. Wannan ita ce hujjarmu. Mu nawa ne a nan za mu iya shimfiɗa ta a gaban ɗanmu, cikin natsuwa, ba tare da ɗaga murya ba?

Sun kuma ce mutum na iya yin kirki ba tare da Allah ba. Gaskiya ne, wani marar bangaskiya ya fi wasunmu riƙon amana, abin kunya ne a gare mu. Amma mu tambaye shi cikin ƙauna: me ya sa ran lebura yake da daraja? A ma'aunin kamfani, darajarsa ita ce yawan buhunan da ya ɗauka kafin a tashi. Ranar da bayansa ya ƙage, darajarsa ta ƙare. A ma'aunin Allah, an halicce shi cikin kamannin Mahalicci, an fanshe shi da jinin Almasihu, yana da daraja yana aiki, yana da daraja yana kwance. Ma'anar rayuwa ke nan da muke shela: an san ka, ana ƙaunarka, ana jiranka.

Amma kaitonmu, 'yan'uwana! Gani ya kori ji. Yaron nan ya ji muna wa'azin sama, ya ga muna kokawa a kan kujerar dattijo. Ya ji muna cewa dukanmu jiki ɗaya ne, ya ga muna zaɓe bisa ƙabila. Ya ga mai kuɗi ya shigo a makare an ja shi gaba, gwauruwa ta zo tun da sassafe tana can baya. Ya ga ɗan ikilisiya, shugaban ma'aikata a kamfani, yana yanke wa na ƙasa kuɗin ƙarin lokaci ranar Asabar, ranar Lahadi ya kawo baiko yana rawa. Ba littafin Turawa ne ya fara rushe bangaskiyarsa ba. Halinmu ne.

Ba haka waɗanda suka riga mu suka yi ba. Ɗan mishan Walter Gowans ya mutu a Girku a 1894 bai ga amfanin shukarsa ba. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Miller bai yi fushi ba, daga baya ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana aikin fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. A garin nan aka buɗe asibitin ido na mishan a 1943, makafi suka riƙa zuwa daga nesa, ba a tambayi addinin kowa ba. A Yadakunya an wanke gyambon kutare da hannu lokacin da danginsu ke gudunsu. Sun yi wa'azi da baki, sun hatimce shi da aiki. Su suka sha wahala Littafin ya zo hannunmu, mu muka bar shi ƙura na cinsa a kan kabad.

Ku tuna, za a tambaye mu. A sura ta ashirin da biyar ta Matiyu, Sarki zai raba mutane a kan mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku. Za a tambayi uba game da ɗansa, za a tambayi makiyayi game da tunkiyar da ta ɓace yana kallo. Akwai kuma lada: Ubangiji ya ce sama tana murna saboda mai zunubi ɗaya da ya tuba.

Saboda haka ina roƙonku, ina kuma gargaɗinku. Iyaye maza, ku zauna da 'ya'yanku a daren yau, ku bar su su faɗi abin da ke ransu har ƙarshe, kada ku katse su. Iyaye mata, hawayenku a gaban Allah ba ya faɗuwa banza, amma ku haɗa addu'a da sauraro. Kada ɗanki ya ji tsoron kawo miki shakkarsa. Dattawa da masu bishara, ku ware lokaci a ikilisiya inda matashi zai yi kowace tambaya ba tare da an sa masa suna ba. Abin da ba ku sani ba ku ce za ku bincika, ku kuwa bincika. Masu kamfani da shugabannin ma'aikata da ke cikinmu, ku biya haƙƙin da kuka riƙe kafin ƙarshen watan nan, ku nemi wanda ya ji rauni a ƙarƙashinku ku ɗauki nauyinsa. Samari da 'yan mata, ku karanta Littafin da kanku, daga bishara ɗaya zuwa ƙarshenta, domin ku san abin da kuke tsaye a kai. Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, da kuke zaune a nan zuciya cike da shakka: kada ku tafi. Wurinku yana nan. Ku kawo tambayarku, ku zauna tare da mu, mu nemi fuskarsa tare.

Mu tuba, 'yan'uwana, mu tuba tun da sauran numfashi. Mu gyara halinmu, mu san Littafinmu, mu buɗe ƙofarmu. Ubangiji ya gafarta mana sakacinmu, ya komo da 'ya'yanmu, ya ba garinmu Kano salama, ya same mu da aminci a ranar zuwansa. Amin.