Darasi na 9: Tausayin da ke Tsayawa a Hanya

A karanta Luka 10:25-37.

Ya 'yan'uwa, ku lura: firist da Balawi sun ga mutumin nan kwance cikin jini, amma suka ratse. Basamariye kaɗai ya tsaya, ya ɗaure masa raunuka, ya biya masa dinari 2 a masauƙi. Gama tausayi na gaskiya yakan ci wa mutum lokaci da dukiya.

Haka Mary Slessor ta yi. Ta zo Kalaba daga ƙasar Sikotilan a 1876 domin shelar bishara. A zamanin nan, idan mace ta haifi tagwaye a can, akan yar da su a daji, a kori uwar. Wa'azi kaɗai bai ishe ta ba. Takan ɗauko jariran, ta rene su a ɗakinta kamar ita ta haife su. A ƙasar ta rasu a 1915.

Tambayoyi:
1. Me ya hana firist tsayawa?
2. Wane ne ka ratse wa a makon nan? Me za ka yi masa kafin Lahadi?