Ruwan Kwata da Asirin Maƙwabci

'Yan'uwa, a shekarar 2005 masana a Italiya suka bayyana cewa sun sami burbushin hodar iblis a kogin Po, wanda mashaya suka fitar cikin fitsari. A 2011 kuma aka fara ɗibar ruwan kwata a Kano domin neman ƙwayar cutar shan inna. Ba a nemi izinin kowa ba, duk da haka lamirinmu bai dame mu ba, gama kwatar babban birni ba ta tona asirin mutum guda. Amma idan kwatar makaranta ce ko ta kurkuku, mutanen kaɗan ne, ana iya nuna wani da yatsa. A nan wajibi ne mu tambayi masu binciken, tun kafin su ɗebi ruwan, wa za su miƙa wa sakamakon: likita ko ɗan sanda.