Kukan Masoya Da Guzurin Mamaci: Darasi Daga Rasuwar Shata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, Wanda ba Ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ran Jumma'a 18 ga watan Yuni, 1999, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano. Aka ɗauke shi aka kai Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, can aka yi masa sutura. Mutumin nan da aka haifa a Musawa cikin 1923 ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da soja, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa wata cikin 1969 sai da ya yi masa waƙa. Ba ya shakkar kowa, abin da ke bakinsa shi yake faɗi, kuma wannan hali ne ya sa talakawa suka riƙe shi nasu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta ba shi digirin girmamawa.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma a ƙasar Gumel, daga birnin har Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya mutum ya shiga tasha bai ji muryarsa ba. Ran Alhamis kuwa, ranar kasuwar Maigatari, inda fataken shanu na Nijeriya da na Nijar suke haɗuwa, akan ji ta a motoci da rumfunan shayi, mai sauraro ya girgiza kai ya ce ba za a sake yin kamarsa ba. To, abin tambaya shi ne, mene ne shari'a ta ɗora wa masoyin mawaƙi in mawaƙin ya riga shi gidan gaskiya?

Da farko dai, Musulunci bai hana baƙin ciki ba, bai kuma hana hawaye ba. Ya tabbata cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, ya kuwa bayyana wa Abdurrahman ɗan Aufu cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da kekketa tufa, da furta maganar da ke nuna rashin yarda da hukuncin Allah. Ibn Abi Zaid ya ambaci hanin nan cikin Risala, littafin da kusan kowane almajirin zaure ya karanta a ƙasar nan. Kuma shari'a ta ƙayyade zaman makoki kwana uku, sai fa matar mamaci, wadda takabarta wata huɗu ce da kwana goma.

Akwai wani abin lura a mutuwar Ibrahim ɗin nan. A ranar aka yi husufin rana, mutane suka ce ai don mutuwarsa ne, nan take Annabi ya hau ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Watau so yakan sa mutum ya ɗaukaka mamaci fiye da matsayinsa na bawa. An ga misalin haka a Masar. Da Ummu Kulsum ta rasu cikin Fabrairu 1975, miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira. Da Abdulhalim Hafiz ya bi ta cikin Maris 1977, har aka ba da labarin waɗansu mata sun hallaka kansu don baƙin ciki. Wannan hasara ce biyu, don kuwa kashe kai yana cikin manyan zunubai, ga shi kuma bai ƙara wa mamacin ko ƙwayar zarra ta lada ba. Masoyin da yake cewa wane bai mutu ba tun da muryarsa tana nan, ya tuna ranar da Annabi ya yi wafati: Sayyidina Umar ya tsaya yana musun mutuwar don tsananin so, sai da Sayyidina Abubakar ya tunatar da jama'a cewa Annabi ya rasu, Allah ne kaɗai Rayayye. In fiyayyen halitta ya ɗanɗani mutuwa, ina ga maroƙi?

Sa'an nan akwai waɗansu mutane a ɗaya gefen, waɗanda da zarar an ce makaɗi ya mutu sai su taɓe baki, su ƙi yi masa addu'a, wani ma ya yanke masa hukuncin wuta. Wannan ma kuskure ne babba. Gaskiya ne malamai da yawa sun hana kiɗa, kuma Risala tana cikin littattafan da suka hana sauraronsa da gangan. Gaskiya ne kuma Imamul Gazali cikin Ihya ya halatta waƙa bisa sharuɗɗa, Ibn Hazmi na Andalus ya halatta kayan kiɗa. Amma ko bisa fatawar masu haramtawa, kiɗa saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da Musulmi daga Musulunci a wurin Ahlus Sunna. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawo shi ana yi masa bulala saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Nana A'isha kuma ta ruwaito hani ga zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Shata Musulmi ne, ya yi salla, ya yi aikin Hajji, ya yi waƙar yabon Annabi. Sauran al'amarinsa yana hannun Ubangijinsa, Wanda bai ba kowa mabuɗin Aljanna ko na wuta ya riƙe ba.

To, mene ne zai amfani mamaci? Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku, watau sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfani da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malamai sun haɗu a kan cewa addu'ar kowane Musulmi da sadakarsa suna isa ga mamaci. Saboda haka direban da ya yi shekaru yana jin daɗin Bakandamiya a kan hanyar Gumel zuwa Kano, ya tambayi kansa sau nawa ya ɗaga hannu bayan salla ya nema wa mai ita gafara. Falken da ya ci riba a kasuwar Maigatari, in da gaske yake son Shata, ya ciyar da maraya ko ya sa hannu a haƙa rijiya da niyyar ladan ya kai gare shi. Haka kuma wanda aka taɓa yi wa zambo ko habaici, shi ko mahaifinsa, ya yafe, domin haƙƙin bawa yana tsare mutum a gaban Allah har sai mai shi ya yafe.

Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanci mawaƙi, wanda masoya ba su cika lura da shi ba. Manomi in ya mutu, garmarsa ta kwanta. Mawaƙi kuwa yana cikin kabari muryarsa tana aiki, daga faifan garmaho ta koma kaset, daga kaset ta koma cikin waya. Jarir ɗan Abdullahi ya ruwaito, cikin Muslim, cewa wanda ya kafa kyakkyawar hanya yana da ladanta da ladan masu binta bayansa, wanda ya kafa mummuna kuma yana da zunubinta da na masu binta. Kamar kowane mawaƙi, Shata ya bar waƙoƙi iri iri: akwai na kira zuwa noma da neman na kai da zaman lafiya, akwai kuma na wasa da zambo da shaye-shaye. Shi yanzu ba shi da ikon janye ko ɗaya daga ciki. Mai ikon nan shi ne masoyin da wayar take hannunsa. Duk sa'ad da ya aika wa abokinsa waƙar da ta keta mutuncin wani, ya ji tsoron kada ya zamana yana ƙara wa wanda yake so kaya ne a kabari, ya kuma ɗauki nasa kason. Wannan hukunci bai tsaya ga Shata ba. Ya haɗa da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015, da dukan mawaƙan da suka rigaya, kuma gargaɗi ne ga matasan mawaƙa na yau, su auna abin da za su bari yana magana bayansu.

Daga ƙarshe, mutuwar fitaccen mutum wa'azi ce ga mai rai. Hausawa suna cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda sarakuna suka yi wa kyautar dawaki da motoci, da ƙyalle fari aka sa shi a ƙasa, kamar yadda ake sa talakan da ba a san sunansa ba. Mai sauraro ya tuna cewa shi ma ranarsa tana tafe, kuma za a tambaye shi abin da kunnensa ya saurara.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya yafe masa kurakuransa, Ya karɓi kyawawan ayyukansa. Allah Ya jiƙan dukan Musulmin da suka rigaya, Ya sa waɗanda suka rage su cika da imani. Amin.