Ko Ɗan Kallo Yana Da Laifi?

A birnin Rum, babban birnin ƙasar Italiya, akwai wani tsohon kango da a ke kira Kolosiyam. Ba shi da rufi, gefe guda ma ya zube tun da daɗewa, amma a shekarar 2019 mutum fiye da miliyan 7 suka biya kuɗi don su gan shi, shi da sauran kangayen da ke maƙwabtaka da shi. Da yawa su kan shiga ne a ayari, jagora yana gaba ya ɗaga ƙyalle a kan sanda, su suna biye. Wanda aljihunsa ke da nauyi kuwa ya kan ɗauki jagora nasa na kansa, shi kaɗai ko shi da iyalinsa. An sa masa lokacin shiga tun kafin ya zo, ya tsaya inda ya so, ya tambayi abin da ya ga dama. In ya sayi tikitin da ya dace, a gangara da shi har ƙarƙashin ƙasa, inda a da a ke tsare namun daji da mutane kafin a fito da su fili.

Tafiya don ganin abin da mutanen da suka bari ba abin zargi ba ce, gani ya kori ji. Sai dai wurin nan ba fada ba ne, ba kasuwa ba ne, ba kuwa ɗakin ibada ba. An gina shi ne musamman don a riƙa kashe rai jama'a suna kallo. To, Barumen da ya zauna can bisa bai taɓa takobi ba, yana da rabo cikin jinin da aka zubar? Baƙon da ya biya kuɗi yau don a nuna masa wurin kuma, mene ne matsayinsa?

Bari mu fara da ginin, yadda jagora zai bayyana shi. Sarki Fesfasiyan ya sa harsashinsa wajen shekara ta 72 bayan haihuwar Annabi Isa, a kan wani tafki da Sarki Nero ya haƙa a harabar fadarsa. Ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, da wasanni na kwana 100. Tsawonsa kimanin ƙafa 620 ne, faɗinsa 510, tashinsa sama kuwa ya kai wajen ƙafa 157. Ya kan ci mutum kamar 50,000. Ran da rana ta yi zafi, sai a kirawo matuƙan jiragen ruwa na yaƙi su ja wata makekiyar rumfa ta zane da igiyoyi, ta yi wa jama'a inuwa. Sarki Domitiyan, ƙanen Titus, shi ya ƙara ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da keji-keji waɗanda bayi ke murɗawa sama, har zaki ya ɓullo tsakiyar fili kamar ƙasa ce ta haife shi. Duk wanda ya ji wannan dole ya jinjina wa magina.

Akwai abin da jagora ya kan faɗa da sauri, in ba a tsayar da shi ba. Dukiyar da aka yi ginin da ita ganima ce daga Birnin Ƙudus, wanda Titus ya ci da yaƙi ya rushe a shekara ta 70. 'Yan taku kaɗan daga Kolosiyam akwai wata ƙofar tunawa da Titus, an sassaƙa sojansa a jikinta suna ɗauke da fitilar ɗakin ibadar Yahudawa. Wasan kansa kuma kashi uku ne. Da safe farauta: zakuna, da damisoshi, da jiminu, da giwaye, yawancinsu an kamo su daga Afirka ta Arewa an ƙetaro teku da su. Da yamma 'yan takobi, watau bayi da kamammun yaƙi da aka horar don su yi faɗa da juna, har da 'ya'ya waɗanda talauci ya sa suka sayar da kansu. Da tsakar rana kuwa ba faɗa ba ne sam. Lokacin ne a ke fito da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, a ɗaure, a sakar musu dabba. Wani marubucin tarihi na Rum, Kasiyus Diyo, ya ce dabba 9,000 aka kashe a bikin buɗewa, ya kuma ce da Sarki Tarajan ya yi bikin cin ƙasar Dasiya, an yi kwana 123 ana wasa, 'yan takobi 10,000 suka shiga fili. Yashi a ke barbaɗawa a ƙasa don ya shanye jini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai duk cikin ginin nan ƙofofinsa ne. Guda 80 ne, an sa wa 76 lamba, da irin lambar Rumawa wadda mu ke gani a fuskar waɗansu agogai. Har yau ana iya karanta lamba 23 zuwa 54 a bisa ƙofofin gefen arewa. Kowa ya san ƙofarsa da matakalarsa da layinsa. 'Yan majalisar dattawa suna ƙasa dab da fili, masu dukiya suna bayansu, sa'an nan sauran 'yan gari, can ƙoli kuma mata da talakawa tilis a kan katako. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san irin wannan tsari ba ya yin kansa. Lalle akwai malamin da ya rubuta adadin zakuna, da wanda ya biya kuɗin yashi, da wanda ya duba lissafi ya ga ya yi daidai ya sa hannu. Ba shakka waɗansunsu mutanen kirki ne a gidajensu, masu tausayin 'ya'yansu. Aikinsu ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa mutum 50,000 ke shiga su fita ba turereniya.

To, ga abin da ɗan kallo zai ce in an tuhume shi. Zai ce, "Ni ban kama kowa ba, ban yanke wa kowa hukunci ba, ban saki zaki ba. Ko na zo ko ban zo ba za a yi wasan. Mutum guda cikin dubu hamsin, wa ma zai san ba na nan?" Maganar nan tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Alƙali ba ya ɗaure mutum don ya ga an yi kisa, in ba haka ba da shaidu sun ƙare a duniya. Kuma gaskiya ne rashin mutum guda ba ya hana wasa.

Amma shaida daban, ɗan kallo daban. Shaida abu ne ya faru a gabansa ba da nufinsa ba. Ɗan kallo kuwa dominsa aka yi abin. Sarakunan Rum ba don su kaɗai su gani suka kashe dukiya haka ba, don neman yardar jama'a ne, shi ya sa ma shiga kyauta ce ga yawancin mutane. Makaɗi ba ya kiɗa a dandalin da ba kowa. Sa'ad da ɗan takobi ya faɗi ya ɗaga yatsa yana roƙon rai, mai wasa ya kan saurari jama'a tukuna, ko su ce a sake shi ko su ce a gama da shi. Ba kullum a ke kashewa ba, gama ɗan takobi horarre yana da tsada. Duk ran da aka kashe kuwa, ihun da ya sa aka kashe muryoyi ne aka tara ɗaya bisa ɗaya, kowane mai murya kuma yana cewa tasa ba ta da nauyi. In aka bi wannan lissafi, sai a tarar an kashe mutum ba wanda ya kashe shi. Hankali ba zai karɓi haka ba.

Akwai kuma ɓarnar da kallo ke yi wa mai kallon kansa, su Rumawa ma waɗansunsu sun lura da ita. Seneka, malamin Sarki Nero, wanda ya rasu a shekara ta 65 tun ba a gina Kolosiyam ba, ya rubuta wa abokinsa cewa ya leƙa irin wasan nan da tsakar rana yana tsammanin abin ban dariya, sai ya tarar da kisa zalla, ya kuma ce shiga taro irin wannan ya kan mai da shi gida da zuciya mafi ƙeƙashewa. Bayan shekara kamar 300, Agustin, malamin Kirista mutumin Tagasta a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, wanda ya je Rum koyon shari'a. Saurayin nan yana ƙyamar wasan, abokai suka ja shi tilas. Ya ce jikinsa kaɗai za su kai, ya zauna ya runtse ido. Can aka sari wani, jama'a suka ɗauki ihu gaba ɗaya, ya buɗe ido don ya ga mene ne. Shi ke nan, bai sāke rufewa ba. Ya yi ihu tare da su, ya koma wata rana da ƙafarsa, har ya riƙa jawo waɗansu. Ya yi tsammani ya fi sauran ƙarfin zuciya, ashe kunne ya manta bai toshe ba.

Wani zai ce, ai mu ma muna kallon dambe da kokawa da hawan ƙaho. Haka ne, a kan ji ciwo kuma. Amma ɗan dambe da ƙafarsa ya shigo, yana iya cewa ya fasa, akwai mai rabawa, wanda ya faɗi kuma a kan ɗaga shi ne a kai shi gefe. Abin da ya fi kusa da halin Rumawa a zamaninmu shi ne ka ga mota ta kife, ko taro ya kama wani ana duka, sai mutane su zaro wayoyinsu suna ɗaukar hoto, hoton nan kuma ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Mai ɗauka ya san akwai masu jira, don su ya ke ɗauka.

Yadda wasan ya ƙare ma abin lura ne. Wani marubucin tarihin coci ya ce wajen shekara ta 404 wani mai ibada, Telemakus, ya shiga tsakanin 'yan takobi don ya raba su, sai 'yan kallo da kansu suka jefe shi har ya mutu, daga nan Sarki Honoriyus ya hana faɗan. Farautar dabbobi kuwa ta ci gaba har shekara ta 523, sa'ad da mulki ya riga ya lalace, ba mai dukiyar da zai riƙa kawo zakuna. Daga baya mutane suka tare cikin ginin, wani gida mai ƙarfi ya mai da shi ganuwa, girgizar ƙasa ta 1349 ta rushe gefen kudu, magina suka yi ta kwasar duwatsu suna gina fadoji. Ramukan da ke jikin bango wuraren ƙarafa ne da aka ƙwaƙule.

Sauran baƙon yau. A ganina ba daidai ba ne a haɗa shi da Barume. Kuɗinsa bai sayi zaki ba, ba wanda zai mutu don ya zo, abin da ya biya ma yana taimakawa wajen gyaran wurin. Da an rufe kangon an ce ba kyau a gani, da an rufe shaida mafi girma a kan abin da aka yi. Duk da haka ban ce ya fita sarai ba, domin akwai abu guda da ya gada daga mai zama can bisa, watau shi ne a ke so a gamsar. Jagora ɗan kasuwa ne mai neman abincinsa, abin da a ke saye shi ya ke kasawa. In ya ga idon baƙo yana haske sa'ad da a ke labarin jini, sai ya ƙara gishiri, ya kwatanta yadda damisa ke tsalle, ya nuna inda za a tsaya hoto ya yi kyau. In ya ga baƙo na son sarakuna, sai ya jero masa sarakuna. A cikin ayari na mutum arba'in ba mai iya juya shi, kowa na iya cewa abin da aka ba shi ya karɓa. Wanda ya ɗauki jagora nasa shi kaɗai ba shi da wannan hanzari. Sa'a biyu ko uku bakin jagora yana hannunsa, abin da ya ji kuwa shi ya tambaya.

Galibin jagororin nan sun yi karatu, sun san fiye da abin da su ke faɗi. In an tambaye su wane ne ke murɗa keji a cikin duhu da wari, ko ta wace ƙofa a ke jan gawa, ko ina matan 'yan takobi suka sami kuɗin kafa musu dutse a kabari, za su amsa, sau da yawa ma da murna, don ba kowa ke tambaya ba. Mai kuɗi ya kan so a kai shi tsakiyar fili ya tsaya inda ɗan takobi ya tsaya, ko kuwa gefen da sarki ke zama. Ni da za a bi tawa, in an buɗe hawan sama a ranar, sai ya ce a hau da shi can inda talaka ke zama, fiye da ƙafa 100 bisa fili, ko da matakalar tana da wuya. Daga can mutumin da ke tsaye a ƙasa bai fi ɗan yatsa ba. Ana ganin motsinsa, ana ganin launin rigarsa, amma ba a ganin fuskarsa.